Kwale-kwalen da Ya Wuce Gefen Allo

A bakin kakarta Jhumur ta fara jin sunan. Tsohuwar, wadda duk gidan ke kira Dadi, tana naɗe ganyen pan da take taunawa kamar goro, tana mita: "Wai Tofazzal. Ɗan jami'a ne. Zai kwana a gidanmu, ya ci shinkafarmu, ya biya da koya wa yara lissafi. Allah ya sa ba mai ci ba ne."

Mai cin ne kuwa. Dogo ne siriri kamar gora, ɗan wani tela daga Patuakhali. Ya iso garinsu Jhumur, Barisal, da jaka ɗaya da tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar kasko. A darasinsu na farko na zane da kwamfuta a jami'a aka ce kowa ya rubuta umarnin da zai fitar da hoto mai motsi. Kusan duk ajin ƙauye suka zana, yadda na gabansu suka yi: bukka, bishiya, rana, kogi. Tofazzal ya ce in dai ƙauye ne, gara wanda aka taɓa kwana a cikinsa. Sai ya je ya zauna gaban Dadi.

Nata ƙauyen kogin Meghna ya cinye shi tun ba a haifi Jhumur ba, jim kaɗan bayan mijinta ya fita kamun kifi bai dawo ba. Ko hoto babu. Ita ke faɗa, shi yana buga lambobi, Jhumur tana leƙe ta kafaɗarsa. A hankali alwatika ta zama rufin kwano, da'ira ta zama ganyen mangwaro.

"Ƙofa kudu take kallo, angon banza. Ta ina iska za ta shigo?"

"Amarya, a nan kudu lamba ce kawai."

"To canja lambar."

Ran da ya gama, ana yayyafin la'asar. Dadi ta kawo fuskarta dab da allon kwamfutar, don idon ya yi rauni. Gajimare ya taso. Ruwa ya soma kaɗawa. Wani baƙin kwale-kwale ya bar gaɓa a hankali, ya ratsa kogin, ya shige gefen allo. Yara suka tafa. Dadi ba ta motsa ba.

Can ta ce, "Yaushe zai dawo?"

Tofazzal ya dubi rubutunsa. Ya manta layin da ke dawo da shi. Lambar da ke tura shi ƙaruwa kawai take yi, kwale-kwalen yana ta tafiya a can inda ido ba ya kaiwa. Dadi ta juya fuska bango. Ranar ko kifi ba ta taɓa ba.

'Yan ajinsu dabara ɗaya suke yi: in abu ya fita ta daman allo, ya ɓullo ta hagu. Dadi ta ce wanda ya tafi gabas ba ya ɓullowa ta yamma, sai aljani. Don haka Tofazzal ya sa kwale-kwalen ya daɗe a waje, kamar mai jiran taru ya cika, sannan ya juyo ta inda ya bi, ya ɗan nutse don nauyin kifi, ya tsaya a ƙarƙashin mangwaron.

Malaminsu ya ce kogin na daɗewa wayam, ya rage masa maki. Dadi kuwa ta ce a zubo mata shinkafa.

Yanzu Tofazzal yana Dhaka da mata da 'ya, yana tsara hotunan talla ga wani shagon tufafi. Kwamfutar a gidan su Jhumur ya bar ta. Ran da zai tafi, Jhumur ce ta riƙe masa jaka zuwa tashar jirgin ruwa, a nan ya tsaya ya ce:

"Jhumur, in kin kunna wa Dadi, ko wuta ta ɗauke, ko baturi na kuka, kada ki rufe kwale-kwalen yana waje. Ki bari ya dawo tukuna."