Sista mai sa tsofaffi haki

Kafin a buɗe tagar karɓar kati a ƙaramin asibitin unguwarmu, Sista ta riga ta zare sakatar ƙofar baya. Akwai wani fili a can, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanyar zannuwan gado. Nan take tara mata masu jiki waɗanda al'ada ta ɗauke musu, ta sa su gaba suna zagaye da sauri har gumi ya jiƙa mayafi. Ba wanda ya sa ta. Aikinta ɗiban jini ne da allura.

Maiɗakina na cikinsu. Ranar da likita ya ce kitse ya yi mata yawa a jini, ni na je na tsare Sista da tambaya, don a sanina kitse a jikin nama yake. Ta ɗaga min kwalbar gwaji a hasken taga. Na ƙura ido, ban ga ko ɗigon maiƙo ba. Ta ce, "Baba, ka taɓa ganin bututun wanke-wanke ya toshe?" Ta ce kitsen iri biyu ne, wani yana liƙewa a hanyar jini, wani yana bi yana kwashewa. Idan al'ada ta ɗauke, mai liƙewar yakan ƙaru, tafiyar sauri kuwa tana taimakon mai kwashewar. Na jima ina tunanin wannan ɗan shara da ke yawo a jikin matata, bai taɓa yi min sallama ba.

Ba ta da na'urar auna haki, da waƙa take aunawa. Dokarta ita ce a yi saurin da za a iya magana amma a kasa waƙa. Sai ta ɗauko waƙa ana cikin zagaye, duk wadda ta amsa da kyau ta shiga uku. "Hajiya, muryar nan ta yi zaƙi da yawa, ƙara ƙafa!" Maiɗakina ta ce wata mai ɗinki ta taɓa cewa, "Sista, kashe mu kike so ki yi ki huta." Sista ta ce, "In kin mutu wa zai ɗinka min kayan ritaya?"

Akwai ranar da Hajiyata ta dawo a fusace. "Malam, na gama! Watanni ina haki, sikeli ko gezau." Sista ta biyo ta har tsakar gida, ta ja ta aka sake gwaji, sai ga mai liƙewar ya ragu. Ta ce mata, "Sikeli nauyi ya sani, bai san jini ba. Kuma kar in ji kin ajiye maganinki."

To, ku ji sakayyar da aka yi mata. Ta yi ritaya watan jiya, washegari sabon shugaban asibitin ya sa kwaɗo a ƙofar baya, wai filin na ajiye motocin ma'aikata ne. Motoci! Abin da ba shi da jijiya ko ɗaya! Matan suka koma titi, masu zaman bakin shago suka samu abin kallo. "Hajiya, wa ya biyo ku?" "Ko miji ake nema da gudu haka?" Iyayenku ne fa, marasa kunya! Tun ranar maiɗakina ba ta sake fita ba. Tana zaune a kan tabarma, ni kuwa na san mai liƙewar nan bai yi ritaya ba.

Sista, ke ce ba ki ji haushi kin zauna ba. Ke ce har yau kike bin ƙofofinsu kowace safiya kina bugawa, ki tafi da wadda ta fito, ki yi wa wadda ta ƙi sallama ta taga. Uwar masu haki, mun gode. Allah ya ƙara miki ƙarfin gwiwa, gwiwar zuci da ta ƙafa.

Ku kuma masu makaranta, masu gida mai katanga da fili, ba kujera Sista take nema ba, ba rumfa ba. Wuri kawai take so inda tsohuwa za ta yi gumi ba a yi mata dariya ba. Wanda ya fara buɗe ƙofarsa ya aiko min, ni zan rako Hajiya har bakinta.