Hoton da Ba Kowa a Ciki

Tsufa ya kwashe mini haƙora, yana kuma lallaɓa tunanina, amma safiyar da na ɗauki hoton da ya kawo mini matata New York, wannan ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Shekaru na yi a unguwar Morrisania ina tallan hula da safar hannu a bakin titi. Takardun uwargida sun fito, ita kuwa ta kafe a Damagaram ta ce ba ta zuwa. Ni da karatuna bai wuce sa hannu ba, na ce dabara ta fi ilimi. Kullum sai na aika mata hoto: ga ni jikin dogon bene, ga ni cikin taron jama'a, ga ni na jingina da motar da ko mai ita ban sani ba. Amsarta ɗaya ce: "Malam, garin nan ina mutum zai shimfiɗa tabarma?"

Ran nan na fito daga sallar asuba na tarar dusar ƙanƙara ta lulluɓe unguwa. Ba hon, ba jiniya, kamar an yi wa garin ɗaurin baki. Na ratsa filin shaƙatawar da ke kusa da mu, sama fari, ƙasa fari, ban san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Dusar na sauka a hankali kamar ana tankaɗe gari daga sama. Na zaro waya don in ɗauki kaina da sabon kwat. Yatsu sun ƙage, ido na hawaye, na dai danna na tura.

Ashe ban juyo da kyamarar ba. Babu ni, babu kwat. Farin fili ne kawai, da bishiya guda, baƙa, ba ganye, ta karkata can gefe.

Kafin in goge abin kunyata sai ga kiranta. Ina ɗagawa ta ce:

"Malam, wannan ba gawon gonarku ba ne? Inda kake laɓewa da damina kana jiran in wuce da fura?"

Na ce, "Hajiya, inuwa nake sha."

"Gawo da damina yana da inuwa ne, tsohon banza?" Ta yi dariya. "Ashe garin naku akwai inda ido zai huta. A sayo tikiti."

Da sanyi ya zagayo na kai ta gindin bishiyar. Ta tsaya, dusa na taruwa a mayafinta. Can ta ce, "Ba ka gaya mini ciwo sanyin nan yake yi ba." Amma ba ta saki hannuna ba.

Abin da na koya ke nan: in kana son mutum ya zo gare ka, ka bar masa fili. Ni duk hotunan da na cika da kaina ba su kira ta ba, sai wanda na fita daga ciki.