Gefen Hoton da Na Yanke

Da ana mayar da hannun agogo baya, da aikin wani yammaci guda zan warware. A lokacin ina saurayi, zamanin soja, kuɗin man fetur sun shigo, akwatin talabijin ya fara shiga gidajen Sakkwato. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na samu aikin gyaran fim. Masu ɗauka su kawo, ni in datse inda ya yi rawa da almakashi in manne, sannan a haska a allo mu sake ɗauka, ina matso da hoton don fuska ta cika akwati. Ina da girman kai a kan aikina. Ba a ganin rawa a abin da ya fita daga hannuna.

Akwai abokin aikina mai ɗaukar hoto, ɗan Ƙofar Kware, yana ce mini yaya ko da yake sa'o'i muke. Wata shekara aka tura shi ɗaukar tashin alhazai, cikinsu har da mahaifiyarsa. Da ya kawo fim ɗin ya roƙe ni in bar mishi ƙarshen, ya ce ya san ya yi rawa, amma Inna ce a ciki tana ɗaga mishi hannu. Na tsokane shi cewa ko kan jaki ya ɗauka, ya yi dariya ya ce in bari dai, wanda bai taɓa sallamar uwarsa ba ba zai gane ba. Na ce to.

Da na zauna aiki na ga rawar ta yi yawa, na ji kunyar a ce ni na fitar da ita. Na datse wurin na jefa kwandon shara. Saura wuri ɗaya da Inna ta fito tsaye a gefe, lokacin da wani babban jami'i yake jawabi. Nan ma na matso da hoton don fuskar jami'in ta cika. Bayan magariba danginsa suka taru gidan wani maƙwabci mai akwati, har da tsofaffin da ba su taɓa kallo ba. Abin da suka gani na Inna shi ne bakin mayafinta.

Washegari ya tambaye ni. Na ce mishi ai ya san akwati yana cin gefen hoto, laifinsa ne da bai sa ta a tsakiya ba, ƙarshen kuma ya lalace wajen wankin fim. Akwati kam yana cin gefe, amma ba shi ya ci ta ba. Ya ce ba komai yaya, in ta dawo zai ɗauke ta zaune a tsakar gida. Ba ta dawo ba. A can Allah ya karɓi abarsa, kuma ba ta bar wani hoto a gida ba. Na koma kwandon, an riga an ƙone.

Mun yi shekaru muna aiki tare. Duk wanda ya koya wa ɗauka sai ya ce mishi ya sa nasa a tsakiya, shi ya taɓa barin uwarsa a gefe akwati ya cinye ta. A gabana yake faɗa, ina jinsa. Har na bi gawarsa ban faɗa mishi ba.

Yanzu jikokina a kwamfuta suke wannan aiki, su faɗaɗa hoto, su tsayar da rawarsa cikin ɗan lokaci. Ina roƙonku, ku da su: kada ku jefar da na asali, kuma ku duba wa ke gefe kafin ku matso da hoto. In hannun mai ɗauka ya yi rawa, ku tambaye shi abin da ya gani. In kuma kun yanke, ku ce ku ne, tun mai shi yana da rai. Ku sa abokin nan nawa da Innarsa a addu'a.