Ranar da na yaɓe bangon da Bature ke so

Ko zan manta da komai na zamanin Turawa, ban da abin da bangon zaurenmu ya jawo mini a Wurno. Lokacin ni magini ne, mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, ina ta fafutukar mutane su yarda hannuna ya kai nasa.

Wata Talata sai ga wani Bature mai awon ƙasa zai wuce Goronyo, ya tsaya ƙofar gidanmu da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Na ruga na zuro rigar Sallah, na zauna ina hura hanci. Mutumin nan ko kallona bai yi ba. Ya wuce bayan zaure, inda ruwan sama ya zaizaye bango ya tsattsage, ya tsura masa ido har ƙafafuna suka yi tsami. Daga baya tafintansa ya ce hasken bai yi ba, sai Juma'a in sun dawo.

In hoton ruɓaɓɓen bangon magini ya kai Sakkwato, wa zai ƙara ba ni aiki?

Kawuna ya ce, "Mi kaka jira? Tozarta ka shika son yi."

Kwana biyu ina kwaɓa ƙasa. Na yaɓe bangon, na shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, ya yi sumul.

Ran Juma'a Bature ya iso, ya duba, ya cire hula, ya zauna a ƙasa daɓas.

Tafinta ya ce, "Shina tambaya, ina bangon?"

Na ce, "Ga ya nan, mun gyara."

"Ya ce ruwa ya yi shekara da shekaru shina zana shi."

Na ce, "A hwaɗa mishi ruwa ba magini ba ne."

Da zai tashi sai idonsa ya faɗa kan diddigen Kawu, mai faso kamar fadama da rani. Hoton diddigen ya ɗauka, Kawu na tsaye da ƙafa ɗaya yana salati.

An yi wata ana mana dariya, aiki kuma bai yanke mini ba. Amma da na koma bayan zauren ni kaɗai, sai na tuna yaɓen da na rufe shi ne na ƙarshe da mahaifina ya yi, da sawun yatsunsa a jiki. Kullum ina wucewa, ban taɓa tsayawa ba, baƙo ne ya tsaya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Tun ranar na koyi in kalli abu da kyau kafin in ce zan gyara shi.