Ranar da Anti Griet ta Ɗanɗana Giya

A shekarun can baya, wanda ya shiga wata gonar inabi a kwarin Wellington, kusa da Cape Town, ba ya ganin gidajen ma'aikata sai ya zagaya bayan rumbun giya. A gaba akwai farin gidan mai gona da manyan itatuwansa. A baya kuwa jerin ɗakuna ne masu rufin kwano, hayaƙi ya baƙanta bangonsu, da famfo ɗaya a tsakiya. Wani ƙarfe da ke rataye a jikin itace shi ke tashin mutane, shi ne kuma ke kiransu su jeru da gwangwanayensu a zuba musu dop, wato giyar da ake haɗawa da ladan aiki. Da zarar yaro ya iya riƙe almakashin yankan inabi, sai a ba shi nasa gwangwanin.

A irin wannan jeri aka haifi Magrieta Plaatjies, wadda daga baya kowa ya sani da Anti Griet. Abin da ta gani a can ya sa tun tana ƙarama ta rantse giya ba za ta taɓa harshenta ba. Tana budurwa aka kai ta aikatau Cape Town, daga bisani ta sami aiki a masana'antar tufafi, inda ta ƙarar da ƙarfinta a kan keken ɗinki. Tana can mahaifiyarta ta rasu, kuma kafin saƙo ya iso har an binne ta a maƙabartar ma'aikata.

Da gonar ta sauya hannu aka sallami tsofaffin ma'aikata, ƙaninta Jafta ya zo mata da jakarsa da ƙishirwarsa. Ta yi shekaru tana tsamo shi daga kwata, tana wanke shi, tana jan sa zuwa coci, har ya bar shan giya. Wannan shi ne babban aikin rayuwarta, kuma ta san bai fi ƙwai ƙwari ba.

Bayan ta bar aiki, likita ya gaya mata ganinta na tafiya, ba kuma zai dawo ba. A ranar ta ce da Jafta tana so ta ga kabarin uwarsu tun idon na aiki.

"Kai kaɗai ka san wurin," in ji ta.

"Na sani mana, ni na haƙa. Gindin ɓaure, bayan madatsar ruwa. Amma da me za mu je, Yaya? Da gwiwoyin nan naki masu kuka kamar tsohuwar ƙofa?"

"Bakinka dai bai tsufa ba."

Doka ta ba iyali damar ziyartar mamatansu a gonar wani, Griet ta san da haka, amma doka ba ta ba da mota. A cikinsu ba mai tuƙi. Jirgin ƙasa a gari yake tsayawa, motocin haya ba sa hawa can, tafiyar ƙafa kuma ta fi ƙarfinta. Abin hawa ɗaya ne ke isa gonar: buɗaɗɗiyar bas da ke zagayawa a ƙarshen mako da baƙi masu ɗanɗanon giya, don kada su sha su tuƙa. Wanda ya hau ta, a teburin ɗanɗano ake sauke shi. Wato sai ta kai Jafta bakin rijiyar da ta tsamo shi kafin ta ga kabarin.

Ta tsara tafiyar a natse, kamar yadda take yanka yadi mai tsada. Za su hau jirgin Asabar, su kwana gidan wata 'yar cocinsu da ta koma Wellington, su bi bas ta farko ranar Lahadi, tun kafin baƙi su fara tangaɗi. A sauran gonakin ba za su sauka ba. Ta nemi teburin waje, ba na cikin rumbu ba, saboda wari. Da safe ta cika cikin Jafta da burodi da busasshen kifi da shayi mai sukari. Ta kuma shirya maganar da za ta yi: mu ba ma sha, kabari muka zo gani.

Abu ɗaya ne ba ta lissafa ba. Barandar da aka kai su ita ce ta farin gidan, wadda ba ta taɓa taka ta ba tun da aka haife ta. A gidan nan ba wani ɗan Plaatjies da ya taɓa cewa a'a. Da wata ma'aikaciya ta nuna musu kujeru suka zauna, da ta zuba jar giya a kofunan gilashi, bakin Griet ya ƙi buɗuwa.

Matar ta yi bayani da fara'a: "A shinshina tukuna, a kurɓa, a juya a baki. Wanda ba ya son haɗiya ga bokiti, sai ya tofar."

"Su biya kuɗi su tofar?" Jafta ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Mu da muka haɗiye kyauta ga inda ta kai mu."

Yana dariya, amma idonsa na kan kofin, yatsunsa kuma sun fara tafiya a kan tebur. Griet ta riga shi ɗaukar kofin. Ta so ta juye a bokiti, sai hannunta ya tsaya. A gidan nan ta taɓa ganin an mari mutum don ya zubar da dop. Sai ta bi hanyar da aka halatta. Ta kurɓa, ta tofar, ta sake, har kofin ya ƙare. Ta yi wa nata haka. Hawaye na zuba mata saboda ɗaci.

"Yaya," Jafta ya ce, ya mayar da hannuwansa ƙarƙashin tebur. "Ya isa."

Da matar ta ɗauko kwalba ta biyu, Griet ta rufe bakin kofin da tafinta, ta faɗi abin da ya kawo su.

"Ai da kin faɗa tun farko, Anti. Kakata ma tana can. Ku bi ta gefen madatsa, ƙofar ba ta da kwaɗo."

Maƙabartar na nan, an kewaye ta da waya, ciyawa ta rufe ta. Ɓauren kuwa babu shi, ko kututture. Tuddai ne kawai da duwatsun rafi, ba suna a kan ko ɗaya. Jafta ya kai, ya kawo, ya duba madatsa, ya duba dutse, sannan ya tsaya tsakanin tuddai biyu.

"Ɗaya daga cikin waɗannan ne."

"Kai ka haƙa fa, Jafta."

"Ƙasa ta yi tauri ranar. Ninkin dop aka zuba wa masu haƙa."

Griet ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta dafa kafaɗarsa ta durƙusa, ta fara cire ciyawar na dama.

"Kama na hagu," ta ce. "Ko wane ne a ciki, shi ma ba wanda ya zo masa."

Sun share duka biyun, suka yi addu'a a tsakiya, suka bi bas ta dawo da su gari tare da baƙin da ke ta waƙa.

Ganin Anti Griet ya ɗauke a shekarar da ta biyo. Jafta ne ke dafa mata abinci yanzu, kuma bai koma sha ba. Ta sa an sassaƙa dutse da sunan mahaifiyarsu, yana jingine a bayan ƙofar ɗakinta. Har yau ba a kafa shi ba, domin ba a sami wanda zai iya cewa wanne ne kabarin ba.