Lamba ɗaya, mata uku

Tun ina da ciki abu ɗaya ke hana ni sukuni: kada yaro ya shaƙe ina ni kaɗai a ɗaki. Maigida da sassafe yake bin motar Abuja, mahaifiyata tana can Funtuwa, matan gidan hayarmu na Wambai kuwa gaisuwarsu a bakin ƙofa take tsayawa.

Bayan na haihu sai maigida ya sayo rauta, ɗan akwatin nan mai raba intanet, wanda ƙarfinsa bai wuce ɗakinmu ba. Ikon Allah, cikin sati ɗana ya yi farin jini. Matar tela ta zo duba ko ya yi ƙiba, matar direba ko ya rame, mai kitso ba ta ma nemi dalili ba. Hannu ɗaya na jijjiga shi, ɗaya na latsa waya. Na san abin da ya kawo su. Amma ranar da nono ya sarƙe shi, matar tela ce ta kifa shi a cinya ta bubbuga bayansa, ko bidiyonta ba ta tsayar ba.

Sau uku maigida na canza lambar sirri, sau uku kunya na sa ni bayarwa. Wata Asabar ya kashe wurin da akwatin da kansa ke raba wa kowace waya tata lambar shiga, wadda daban take da ta sirri. Ya ce daga yau sai wayar da ya sa wa lamba da hannu.

Na ce, "To baƙi fa?"

Ya ce, "Baƙin ɗanki ko na akwatina?"

Kwana biyu ba matar da ta yi ko sallama a ƙofata.

Ban yi nisa a boko ba, amma ina da ido. Na ga inda ya taɓa a wayata, na haddace lambar, na sa wa duk su ukun, don ita kaɗai na sani. Ashe akwatin ba ya riƙe waya biyu a lamba ɗaya. Wannan ta shiga, waccan ta faɗo.

"Maman yaro, ta ture ni!" in ji matar direba.

Mai kitso ta ce, "Wa ya riga wani zama, Hajiya?"

Ƙarshe suka raba yini: ta safe, ta azahar, ta la'asar. Tawa wayar a kashe take, tunda lambarta suke rabawa, ni kuwa ban sake zama ni kaɗai ba.

An ce in aka canza ƙarshen lambar, kowacce za ta samu tata, su zo tare su watse tare. Wanda ya iya, don Allah kada ya koya musu sai na yaye yaron nan.