Sarƙar Tikitin Inna

Ko da zan manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na shiga meri, ofishin magajin gari, da tikitin kasuwa rataye a wuyana ba. Har gobe in na tuna sai jinina ya motsa.

Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa a kasuwar garinmu, can wajen Bande, a rumfar da na gada daga Inna, mahaifiyata, daidai bakin hanyar da motoci ke sauke mutane. Inna ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma tana da wata ɗabi'a. Duk ranar kasuwa in mai karɓar kuɗi ya yago mata tikiti, sai ta ƙulle shi a bakin zane, in ta koma gida ta huda shi da allura ta zura a zaren kaba kamar mai shanya kuɓewa. Shekara ta cika, ta ɗaure zaren ta rataye a rufin ɗaki. Mukan yi mata dariya, mu ce ko miya za ta yi da su. Ta ce, "Ku yi ta dariya. Takarda mai hatimin hukuma ba a yar da ita." Bayan rasuwarta na ci gaba da zurawa, don kewa kawai.

Wata shekara aka kawo sabon ma'aikaci mai kula da kuɗin shiga a meri, matashi ɗan gayu, muna ce masa mushe, wato malam da Faransanci. Ya tara mu ya ce za a tashi rumfunan mata a mai da mu bayan turken dabbobi, a gina kantunan haya a wurinmu. Bayan turke fa! Wa zai sayi mai a inda ƙuda ya fi mutane yawa? Da rumfar nan nake ciyar da marayu huɗu.

Ya yi bayani mai tsawo. Wai da can kuɗin ƙarfen da ake haƙowa a arewa ne ke cika asusun gwamnati, sai farashinsa ya faɗi, masu ba da agaji ma hannunsu ya yi sanyi, yanzu dole kowane gari ya nemi na kansa. Wannan duk na yarda. Sai ya rufe da cewa, "Ku mata ba abin da kuke sa wa a asusu. Zaman banza kuke yi wa ƙasa a wuri mai tsada."

Wallahi ji na yi kamar Inna ya zaga a kabarinta.

Washegari na hau turmi na sauko da zarurrukan tikitin duka. Hayaƙi ya mai da wasu baƙi, gara ta ci zare biyu, sauran na nan. Na rataya a wuya da kafaɗa, ragowar na cika ƙwarya na ɗora a ka. Maƙwabciyata ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ke, bori kika fara?" Na ce mata ta biyo ni ta ga borin. Kafin mu kai meri mata sun fi ashirin a bayana.

Muka sami mushen da sarkin kasuwa zaune. Na gai da sarkin kasuwa, na juye ƙwaryar a kan tebur, ƙura ta tashi har mushen ya yi atishawa.

Na ce, "Mushe, ka ce ba mu sa komai. To ƙirga."

Ya ce, "Hajiya, mene ne wannan kuma?"

Na ɗaga zare mafi tsufa. "Wannan na lokacin da kuka ce asusu ya cika har an yafe jangali. Uwata ta biya dala biyu, sefa goma kenan, duk mako, ba wanda ya yafe mata. Wannan na shekarar da kuɗi suka karye, gishiri ya ninka, ta biya dala biyar. Wannan na shekarar da ma'aikata suka yi watanni ba albashi, mu dai mai tikiti bai taɓa fashin zuwa ba. Wannan nawa ne, na lokacin da aka ce an samu fetur, dala ashirin. Asusunku ya cika mun biya, ya bushe mun biya. Da yana cike ba ku tuna da mu ba, ko kwano ɗaya ba a ɗora wa rumfarmu ba. Yanzu miya ta ƙare, ga maciya tuwon a gabanka!"

Mushen ya ɗauki zare ɗaya ya fara ƙirgawa, ya duba hatimin, ya ajiye. Sarkin kasuwa ya murmusa ya ce, "Mushe, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni ma uwarta na tarar a rumfar nan."

Sannan mushen ya ce a hankali, ko a ajiyar meri babu takardun waɗannan shekarun. Ya roƙi in bar masa su. Na ce a'a, in yana son gani ya zo gidana, gadona ne.

An gina kantunan, amma a gefen tasha. Rumfata na nan inda take. Ranar kasuwar da ta biyo, mai tikiti ya zo yana sunkuyar da kai, na miƙa masa dala ashirin ɗina ba gardama, don ban taɓa cewa ba zan biya ba. Da na koma gida na huda tikitin, sai kuka ya ƙwace mini, don na yi wa Inna dariya shekara da shekaru ban taɓa ce mata ta yi gaskiya ba.

Abin da na koya shi ne, wanda yake biya yana da baki, amma sai ya riƙe shaidarsa. Yanzu jikata ce ke yi mini dariya in ina zurawa. Nakan ce mata ta yi ta dariya, ta dai miƙo mini allurar.